Murjanin da Ba a Ba Kowa Reshensa Ba

An yi wani mutum a garin Leeuwarden, can ƙasar Turawa. Ba zan kama sunansa ba, domin yana nan da ransa, kuma har gobe muna gaisawa a wurin ajiye kekuna. Mai duba tsabta ne a masana'antar madara har ya yi ritaya, sai dai ya bar aikin, aikin bai bar shi ba.

Abin da ya fi so a duniya bayan matarsa Tjitske, ko kuwa kafin ita idan ita ka tambaya, shi ne wani tankin gilashi na ruwan gishiri da ya girke a falo, daidai tagar da ke kallon titi. Akwai kifaye a ciki, da dodon koɗi, da duwatsu. Amma sarkinsu wani murjani ne mai rai, halittar nan da ke tsirowa a ƙarƙashin teku, shuɗi mai rassa kamar 'yar bishiya. Daga guntu kamar ɗan yatsa ya raine shi. Dattijon da ya ba shi guntun ya rasu, tankinsa ya watse, saboda haka irin wannan murjani bai rage a hannun kowa ba sai shi.

Ya 'yan uwa, masu kiwon murjani suna da wata al'ada mai kyau. Idan naka ya yi girma, sai ka karya reshe ka ba ɗan'uwanka ya dasa a nasa tankin. Kyauta ce, kuma ajiya ce. Ranar da naka ya mutu, sai ka ɗauki bokiti ka je ka karɓo jikansa.

Mutumin nan bai taɓa ba kowa ba. A ganinsa duk tankunan garin ƙazamai ne.

Maƙwabcinsa Douwe, tsohon likitan dabbobi, shi ma yana da tanki, wanda gansakuka ta mayar kore, kifayensa kuwa duk sun yi tumbi. Wata safiya suna shan kofi Douwe ya ce, "Maƙwabci, karyo mini reshe ɗaya mana, ya zo gidana hutu."

"A wannan miyar waken taka? Douwe, ko agwagwa sai ta yi shawara kafin ta shiga tankinka."

Douwe ya yi dariya ya ɗauki biskit na biyu, abin da mai gidan bai yafe masa ba shi ma.

Mutumin nan yana da ma'aunin da ke nuna yawan dattin da ke narke cikin ruwa. Wasu suna murna idan ya nuna kaɗan. Shi kuwa sifili yake nema. Ya ƙaro na'urorin tace ruwa, ya riƙa canza ruwa a kai a kai, ya rage wa kifaye abinci har Tjitske ta ce, "Sarkin tsabta, waɗannan bayin Allah laifin me suka yi aka ɗaure su ba ci?" Ranar da ma'auni ya nuna sifili, ya kira masu wucewa ta taga su gani. Ruwan ya yi garau, kai ka ce kifayen a iska suke yawo.

Shin ya san abin da ya aikata? Allah ya halicci waɗansu ƙananan halittu a jikin dutse da yashi, ido ba ya ganinsu, da ɗan dattin nan suke rayuwa, su ne kuma masu gadin gida. Da ya hana su abinci suka mutu. Gida ya zama kango. Akwai kuwa wata halitta mai jure yunwa da ke jiran kango, masu wannan kiwo suna ce mata dino.

Ta fara da ɗan zare mai launin tsatsa a kan yashi. Sai ta zama yauƙi kamar majina, da 'yan ƙwayoyin kumfa a kanta. Da safe ka duba ba ta nan. Fitilar tankin na haskawa, kafin azahar ta lulluɓe komai. Dodon koɗi suka ci suka fara faɗowa daga jikin gilashi, domin tana da dafi.

Douwe ya leƙo, ya daɗe yana kallo, a wannan karon bai yi dariya ba. Ya ce, "Yunwa ce ta kawo ta. Ka daina canza ruwa. Ka ciyar da kifinka. Zan kawo maka dutse daga tankina, da wata fitila mai kashe ta idan ruwan ya bi ta cikin bututu. Amma kafin komai, karyo reshe ɗaya in tafi da shi yanzu, tun yana da rai."

"Wato in yi maganin ƙazanta da ƙazanta?"

"Ka yi maganin yunwa da abinci, kai mai taurin kai."

"Na gane. Reshen dai kake so tun farko."

Douwe ya sa hularsa ya fita. Ko biskit bai ɗauka ba.

Mutumin nan ya yi abin da ya iya: wanki. Ya zuƙe yauƙin, ya zuba sabon ruwa, dino ta ji sabon ruwa ta ƙara haɓaka. Ya goge duwatsu da buroshin haƙori, daga baya aka gano na Tjitske ne. Ya lulluɓe tankin da barguna don ya hana ta haske, falo ya koma kamar gidan makoki. Da ya yaye bargunan ya ga yashi fari fat, sai ya sayo kek ya gayyaci jama'a. Douwe bai samu gayyata ba. Kafin a cinye ragowar kek ɗin dino ta dawo da ƙannenta.

Daga nan ya sayo wani magani. Aka ce ya zuba kaɗan, ya ninka, domin a tunaninsa abin da kaɗan ɗinsa ke tsabtacewa, mai yawansa ya fi. Murjanin da yunwa ta riga ta ramar ba shi da ƙarfin ɗauka. Naman jikinsa ya fara saɓulewa daga gindi, yana hawa reshe bayan reshe, mutumin nan yana tsaye da buroshi a hannu. Da ya yanke shawarar karya reshe ya ruga gidan Douwe, babu sauran shuɗi da zai karya. Ƙashi ne fari, tsaf, ba ɗigon datti. Ya sami tsabtar da yake nema.

Wa zai je wa da bokiti? Wane gida ne jikan murjaninsa yake?

Douwe ne ya ƙwanƙwasa masa ƙofa bayan 'yan kwanaki, ɗauke da bokiti. A ciki akwai dutse kore shar da gansakuka, da wani murjani ruwan ƙasa wanda kowa ke da irinsa. Ya ce, "Ga miyar wake, maƙwabci. A sha da zafi." Mutumin nan ya karɓa da hannu biyu, ya tura masa gwangwanin biskit gaba ɗaya. Ya sa dutsen a tanki, ya koma ciyar da kifi, dino ta ja da baya a hankali, kifaye suka yi tumbi. Amma shuɗin murjanin ya tafi ke nan. Ƙashinsa yana kan taga, Tjitske tana rataya makullan keke a jikinsa.

Ya 'yan uwa, mun yi dariya, amma ban taɓa wuce tagar nan zuciyata ba ta yi nauyi ba. Kada wani ya ce tsabta ce ta cuce shi. Tsabta abar so ce. Abin da ya cuce shi shi ne ya mai da tsabtarsa sanda yana auna mutane da ita, har ya ga babu hannun da ya isa ya riƙe masa alheri. Nasiha ta zo masa har falo, ya ɗauke ta kwaɗayi.

Kowannenmu yana da nasa murjanin. Wani ilmi ne, wani sana'a, wani wata kyakkyawar ɗabi'a da ya gada. Wa ka karya wa reshe? Ko kana jira sai ka sami wanda ruwansa ya kai naka? Abin da ka ba wani shi ne ka ajiye. Abin da ka ƙanƙame, da kai zai tafi, ko ya riga ka.

Allah ya kiyaye mu da rowa da raina mutane. Ya ba mu kunnen jin nasiha tun da sauran shuɗi a reshe, ya kuma haɗa mu da maƙwabcin da zai zo mana da bokiti ko ba mu cancanta ba. Amin.