Dattijon da Ya Ɗaga Ƙafa a Gaban Baƙi

Akwai wani manomi, dattijo mai 'ya'ya maza biyu, wanda ciwon baya ya kwantar da shi tun bayan girbi. Abin ya kai ko bayan gida zai zaga, sai 'ya'yan sun ciccibe shi. Wannan ɗauka ta fi ciwon ci masa rai.

A asibiti wata likita ta koya masa motsa jikin da ake kira yoga. Ba wani abin a-zo-a-gani ba ne: ya kwanta rigingine a tabarma, ya ja numfashi a hankali, ya jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji, ya sake ta. Ta ce, "Baba, kaɗan-kaɗan. Inda ka ji ya soke ka, tsaya. Amma kada ka fasa."

Ya fara a cikin ɗaki. Gwiwar da ƙyar take tashi, sai karkarwa da gumi. 'Ya'yan suka leƙa, suka ga ubansu yana wutsil-wutsil da ƙafa kamar jinjiri, kunya ta kama su.

Ana nan, sai surukan babban ɗan suka aiko za su zo dubiya. Ɗan ya naɗe tabarmar ya ɓoye, ya lulluɓe uban a gado, ya ce, "Baba, yau dai ka rufa mana asiri. Ka kwanta yadda manya suke kwanciya."

Dattijon ya ce, "Wanne ya fi kunya, ɗana? In ɗaga ƙafa a gaban baƙi, ko ku yi ta ɗaukata zuwa bayan gida har in mutu? Kawo tabarmata."

Ɗan ya ƙi. Sai dattijon ya zame daga gadon, ya ja jiki har tsakar gida, ya kwanta a ƙasa tsurarta. Nan baƙin suka same shi, gwiwa a ƙirji. Wani ya sunkuyar da kai, wata ta toshe baki tana dariya.

Ya ce, "Sannunku da zuwa. Ku zauna, saura ƙafar hagu."

Bayan nasa dai bai miƙe sarai ba har yau. Amma kafin ruwan shuka ya sauka, dattijon ya dogara sanda ya zaga bayan gida da ƙafarsa, ya rufo ƙyaure da hannunsa.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Dattijon shi ne duk wanda ya daɗe a kwance cikin ruhu, ya tashi zai fara. Addu'arsa za ta fito da in'ina, zai yi tuntuɓe in an ba shi karatu a majami'a. 'Ya'yan kuwa su ne masu ƙaunarmu da suka fi tsoron bakin mutane a kan ciwonmu. Ba mugaye ba ne, shi ya sa ƙin maganarsu yake da wuya. Ni dai raina yana ɓaci in na ga babban mutum ya ƙi neman gafarar matarsa, ko ya ƙi shiga ajin masu koyo, wai girmansa zai zube. Wane girma, alhali ɗaukar ka ake yi?

Ubangiji bai ce ka fara da kyau ba, cewa ya yi ka fara. Masu dariya za su yi ta su gaji, su koma gidajensu. Kai ne za a bari da gadon. Sauko.