Zanen Wutar Dangin Uwa

A wata ƙasa mai nisa da ake kira Arnhem, a gaɓar teku, an yi wani mai zane a ɓawon itace, sunansa Bandaka. Hannu kam ya samu. Da ’yan silin gashin kai yake jan layin farar ƙasa, siriri har sai idon mai kallo ya kawo ruwa. Sai dai girman kansa ya ninka gwanintar, ba ya ganin kowa da gashi.

Kowane dangi da zanensu na gado, ba a taɓa na wasu sai da izininsu. Ranar wata jana'iza, Bandaka ya ga kawunsa Wirilma, yayan uwarsa, yana zana wuta, zanen gadon dangin uwar, a ƙirjin mamaci, hannun tsohon yana rawa.

Ya ce, "Kawu, wannan wuta ce ko sawun ƙaguwa? Kawo in gyara maka."

Wirilma ya ce, "Kai yaro, kama bakinka. Naku zanen yana gidan ubanka. In lokaci ya yi, ni zan kama hannunka in nuna maka wannan."

Ina Bandaka ina jira! Ya ɓamɓaro ɓawo, ya gasa shi ya miƙe, ya zana wutar nan, kuma gaskiya ta fi ta tsohon kyau. Ya jingine ɓawon a tsakar zango, inda mata da yara ke wucewa, alhali al'ada ta hana su ganin wannan zane. Mata suka rufe ido suna kururuwa. Uwarsa ta ɗauki dutse ta yi ta saran goshinta don baƙin ciki har jini ya wanke mata fuska.

Dangin uwar suka shafe jiki da farar ƙasa, suka kira shi fili. Aka yi ta jifarsa da masu yana gocewa, wannan kuwa al'ada ta yarda. Saura na ƙarshe, wanda mai laifi ke tsayawa ya ba da cinya a soka, magana ta mutu. Wirilma ya matso da mashi mai ƙayar kifi.

Uwar ta yi ihu, "Tsaya cak, don nonon da ka sha!"

Bandaka ya ce, "Ni zan yi ɗingishi a gaban tsohon da na fi?"

Mashi na tahowa ya kai hannun dama ya make shi. Ƙayar ta ratsa tafin ta ɓullo ta wuyan hannu. Da aka fizge ta, ta fito da jijiyoyi. Ya zube yana birgima cikin yashi. Wirilma ya sunkuya a kansa, hawaye na zuba, ya ce, "Cinya na nema, ɗan ƙanwata, don in bar maka hannun. Tashi, har yanzu ba ka ba da ita ba."

Aka ɗaga shi, aka soke cinyar. Ita ta warke. Yatsun kuwa suka ƙandare, bai sake riƙe gashin zane ba.

Mai karatu, gwaninta ba ta mayar da kayan wani ya zama naka. In kuwa ka yi laifi, ka sunkuyar da kai ka karɓi hukunci, domin wanda girman kai ya hana shi ɗaukar ƙaramin ciwo, shi ke rasa abin da ya fi so.