Hoton Majalisar Ministoci da Ba Ya Tsufa

Bayan zaɓe, shugaban wata ƙasa ya yi ta sauya ministoci, yau ya naɗa, gobe ya sauke. Duk hoton majalisar da aka rataye, sai an sake wani.

Ya kira Tanimu, mai ɗaukar hoton fadarsa. "Kawo mini hoton majalisa wanda ba zai taɓa tsufa ba, ko ka nemi wani aikin."

Washegari Tanimu ya kawo hoton kujeru zalla.

"Ina ministocin?" in ji shugaba.

"Ranka ya daɗe, waɗannan kaɗai ba ka taɓa saukewa ba."

Shugaba ya murmusa. "To, ni fa? Kujerata ma babu kowa."

"Allah ya ja zamaninka, ai akwai wani zaɓen a gaba."