Sallau Kyankyaso da Injin Tururi

Ga ta nan, ku matso kusa ku ji ta.

Akwai wani kyankyaso mai suna Sallau da ke zaune bayan risho a kicin ɗin Hajiya Kande Dorina. Hajiya ba ta iya sunkuyawa saboda jiki, shi ya sa maiƙon shekara bakwai ya taru a lungun. Sallau ya ci har bayansa na sheƙi. Kullum sai ya shafa ciki ya ce, "Ni Sallau mai ƙafa shida, ba na noma ba na cefane, amma ba a sauke tukunya ban ɗanɗana ba."

Wata rana Malam Cindo Ɓauna, mai shagon kayan lantarki, ya shigo da wani inji mai dogon tiyo. Ya ce, "Hajiya, ruwa kawai za ki zuba masa. Tururi yake fesawa, ya narkar da maiƙo, ya kori ƙwari, kina tsaye abinki. Na bar miki shi kwana biyu, in ya yi miki ki saya."

Hajiya ta ce, "Da tsada dai, Malam. Bari in yi shawara."

Sallau na jin haka ya shiga lissafi. In maiƙo ya tafi, ai abinci da makwanci sun tafi tare. Sai ya yafa ɓawon albasa kamar babbar riga, ya kifa marfin kwalba a ka, ya hau kan tebur ya yi gyaran murya.

"Ranki ya daɗe, ni ne Injiniya Sallau, masanin tururi. Wannan injin ƙanƙantar da jiki yake yi. Na san wata giwa da ta saya, yanzu a kwando ake kai ta biki."

Hajiya ta dubi damatsanta da take ji da su, ta tura injin ƙarƙashin gado.

Da gari ya waye, Sallau ya nufi shagon Cindo. Ya ce, "Malam, amana ce ta kawo ni. Hajiya ba saye za ta yi ba. Dambu take turarawa da injinka, gobe ta maido maka shi yana warin zogale."

Cindo ya taso yana huci, ƙahonsa har ya tafi da labulen shago. Shi da Hajiya suka yi ta cacar baki a tsakar gida, Sallau kuwa yana bayan risho yana tanɗe tsohon man ja, yana cewa, "Dorina da ɓauna, duk a aljihuna suke, kuma ko aljihun ba ni da shi."

Amma da suka gaji, Cindo ya shinshina injin bai ji zogale ba. Ya ce, "Hajiya, a bar maganar baki. Gobe in zo mu kunna shi a gabanki."

Da gari ya waye, Sallau ya mirgino loma ɗaya ta ɗumamen tuwo, ya shige bakin tiyon, ya toshe shi, ya jingina da baya. Cindo ya zo ya kai injin kicin, ya zuba ruwa, ya danna maɓalli. Shiru. Ya sake dannawa, ya bubbuga, ya yi zufa. Ashe wuta aka ɗauke, amma Sallau ya ɗauka tuwonsa ne ya yi aiki.

Hajiya ta taɓe baki. "Malam, kwashe kayanka. Da ma injiniya ya gaya mini."

Da Sallau ya yi shiru, da ya ci nasara. Amma daɗi ya kwashe shi. Ya leƙo da kai daga bakin tiyo, da marfin kwalbarsa, ya ce, "Kin gani, ranki ya daɗe? Ni da tururi mun san juna. In na ce ya zauna, zama yake..."

Sai aka kawo wuta.

Injin ya yi gurnani, ya yi tari sau biyu. Tuwo ya fito, Sallau na biye, tururi na bin su duka. Ɓawon albasa ya dahu a jikinsa. Ya bugi bango, ya faɗa bayan risho, tururin ya bi shi can, maiƙon shekara bakwai ya narke yana gangarowa.

Hajiya ta leƙa. "Au, ashe tayil ɗin nan fari ne? Kuma injiniyan kyankyaso ne?" Ta shafa damatsanta ta ji suna nan yadda suke. "Malam, na saya. Miƙo min tiyon."

Sallau ya fita ta magudanar ruwa yana ɗingishi da ƙafa huɗu, gashin bakinsa ya nannaɗe kamar taliya. Da ya kai bakin titi ya tsaya ya karkaɗe fiffike.

Ya ce, "Masu kuɗi biya suke a yi musu wankan tururi. Ni kyauta aka yi min, kuma dorina ce ta saya min injin. Gidan ma ya yi tsabta da yawa, bai dace da mutum irina ba."

Ya ja ƙafa ya nufi gidan Alade.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya.