Taurin Barde Ranau

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, tun aljannu suna ƙulla alkawari da 'yan Adam, an yi wani sarki mai suna Wandara a ƙasar Gabarta, wanda ya shekara ashirin yana yaƙi da maƙwabtansa, har Allah ya kawo sulhu, aka rataye kwari da baka, aka kwance wa dawaki lifidi. Sai dai sulhun nan ya zo wa sarki da damuwar da yaƙi bai taɓa kawo masa ba, domin dakarunsa dubu uku sun dawo gida ba su da abin yi.

Ba lalaci ne ya hana su sana'a ba. Tun farkon yaƙi sarki ya kai su Dutsen Tama, wurin wata aljana da ake kira Uwar Tama, ta ba su tauri suka sha, ƙarfe ya daina cin jikinsu. A fagen fama abin ya yi rana, amma a gida ya zama masifa, don duk ƙarfen da suka taɓa sai ya yi laushi, in ba makamansu da aljanar ta yi wa tofi ba. Mutum ya ɗauki fartanya ta lanƙwashe, ya ɗauki allura ta naɗe kamar zare. Haka jarumawa suka koma zaman ƙofar fada, suna jiran tuwon sarki, suna maimaita wa juna labarin yaƙin da kowa ya haddace.

Sarki ya aika wa Uwar Tama da manzo. Ta ce maganin mai sauƙi ne: duk wanda ya hawo dutsen da kansa ya mayar mata da taurinta, ƙarfe zai bi hannunsa, amma daga ranar ƙarfe zai iya kashe shi kamar kowa. Da aka karanta saƙon a fada, dakaru ba su dubi sarki ba, sai suka dubi shugabansu Barde Ranau, domin shekara ashirin ba su taɓa ɗaga ƙafa ba sai da umarninsa.

Ranau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, jikin nan da shi na tsare maka ƙofofin gari bakwai. Ba zan mayar da shi jikin da wuƙar yankan kuɓewa za ta ji wa ciwo ba." Da ya ƙi, duk suka ƙi.

Sai mutum ɗaya, wani dakare ɗan tsaka-tsakin shekaru mai suna Nomau, wanda a duk tsawon yaƙin maroƙa ba su taɓa ambaton sunansa ba. Shi ya gaji da cin tuwon da bai nema ba. Ya hau dutsen, ya mayar da taurinsa, aljanar kuwa ta ji daɗin zuwansa, ta ba shi uwar maƙera, wato dunƙulen ƙarfen da ake dukan ƙira a kansa, da masaba da zugazugi. Ya sauko ya kafa rumfa a bakin kasuwa, ya fara da takobinsa, ya mayar da shi garma.

Kafin shekara ta zagayo, babu gonar da ba ta san garmar Nomau ba. Maroƙa, da yake su inda ake taro nan suke, suka kwashe kalangansu daga ƙofar Ranau suka koma bakin maƙera. Abin da ya fi ci wa Barde rai shi ne Gimbiya Tasalla, 'yar sarki, wadda ya daɗe yana aika wa da kayan ganima ba ta taɓa ce masa i ko a'a ba. Ita ke kula da rumbunan fada, kuma sai ga shi ta mayar da zuwa maƙera duba laujuna aikin kullum, alhali lauje ba ya sake kama tsakanin jiya da yau.

Hassada ta kama Ranau, ta hana shi jin daɗin abinci. In ya ji ƙarar masaba daga nesa sai ya ji kamar a ƙirjinsa ake bugawa. Yakan ce wa na kusa da shi, mutumin da ko doki bai taɓa hawa ba, yau shi ake yi wa kirari. Gaskiya ne, amma gaskiyar ba ta rage masa zafi ba ko kaɗan.

Ranar da sarki ya kira Nomau fada don ya naɗa shi Sarkin Maƙera, gari duk ya tafi kallo, Ranau kuwa ya zaga ya shiga rumfar da tsakar rana. Damina ta gabato, garemani ɗari biyu na jere suna jiran masu su. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, suna narkewa, sannan ya ɗora tafinsa a kan uwar maƙera har ta lotsa kamar malmalar tuwo. Duk da haka zuciyarsa ba ta huce ba, sai ya kai wa kututturen itacen kiryar da uwar maƙerar ke zaune a kai shuri da ƙafa ba takalmi. Mutumin da ya shekara ashirin yana taka tsinin mashi ya manta cewa itace ba ƙarfe ba ne. Sartse ya shige masa tafin ƙafa, ya karye a ciki.

Kwana uku ƙafar ta kumbura har gwiwa. Aka kira wanzamin fada ya tsaga ya cire, aska ta lanƙwashe. Ya sake wata, ita ma haka, har bakwai. Wanzami ya tattara zabirarsa, ya ce in ba a tsaga ƙafar nan ba, Barde ba zai ga sabon wata ba. A waje kuma hadari na haɗuwa, manoma na tsaye hannu banza, kowa ya san wanda ya yi ɓarnar, don shatin yatsunsa na nan a kan uwar maƙera.

Sarki ya yi fushi, ya ce a bar shi da abin da ya zaɓa. Amma Nomau ya nemi izini, ya ɗora Ranau a kan jaki, ya ja shi zuwa Dutsen Tama. A hanya Ranau ya tambaye shi don me, Nomau ya ce dakare ba ya barin shugabansa kwance a fage, ko da shugaban ya zalunce shi. Wannan amsa ta fi sartsen yi wa Ranau ciwo, don yanzu har halin Nomau ma yana jin hassadarsa.

Uwar Tama ta fito daga tsagin dutse, doguwa, jikinta baƙi wul yana ƙyalli, muryarta na amsa kuwwa a cikin kwazazzabai. Ta ce, "Ya kai Barde, ban ba ka tauri don ka lalata abin da mutane za su ci da shi ba. Na ba ka don yaƙi, yaƙi kuwa ya ƙare, kai kaɗai ne ba ka sani ba. Ka mayar mini da abina ka rayu kamar sauran mutane, ko ka riƙe shi a binne ka da shi."

Ranau yana tsoron zama ba kowa ba fiye da yadda yake tsoron kabari. Amma daga ƙarshe ya ce ya mayar. Aljanar ta ɗora yatsa a goshinsa, wani baƙin hayaƙi ya fita ta bakinsa. Nomau ya zaro 'yar wuƙa ya tsaga ƙafar ya cire sartsen, Barde ya yi kuka da hawaye, bai kuma ji kunya ba.

Suka sauko da sabuwar uwar maƙera da aljanar ta ba su. Ranau ya tsaya a ƙofar fada yana dogara sanda, ya ba dakarunsa umarninsa na ƙarshe, cewa kowa ya hau dutse. Suka hau sahu-sahu, suka sauko, wasu suka kama noma, wasu jima, wasu sassaƙa da ɗinki, ɗari kuma suka zauna a maƙera suka mayar da garemanin nan kafin ruwa na biyu ya sauka. Sarki ya yanke wa Ranau hukuncin yin zuga a ƙarƙashin Nomau har shekara bakwai.

Da kaka ta yi, rumbuna suka cika, Gimbiya Tasalla ta shaida wa mahaifinta wanda take so, aka ɗaura mata aure da Sarkin Maƙera, aka kwana bakwai ana shagali. Ranau ya halarta, ya yi addu'a tare da jama'a. Ranar da aka koma aiki, ya dubi Nomau ya ce, "Sarkin Maƙera, ba zan ɓoye maka ba, har yanzu in na gan ka zuciyata tafasa take yi."

Nomau ya ciro jan ƙarfe daga wuta, ya ɗora a kan uwar maƙera, ya miƙa masa masaba, ya ce, "Na sani, Barde. Sauke fushin a nan."

Ranau ya karɓa ya daka, kuma masu ba da labari sun ce duk ƙasar Gabarta ba a taɓa yin maƙerin da ya kai shi nauyin hannu ba. Nan labarin ya tsaya.