Karta Saba'in da Bakwai

Roel Decoster mai gyaran rufin gidaje ne a garin Kortrijk. Mutum ne mai aiki tuƙuru, ba ya cin haƙƙin kowa, amma akwai hali ɗaya da ya yi masa katutu: zargi. In ka gaishe shi da fara'a, sai ya shiga tunanin me kake nema a wurinsa. Shekara talatin ya yi yana buga karta duk yammacin Talata a mashayar abokinsa Staf. A can ya koyi kallon hannun mutum maimakon fuskarsa, kuma da wannan idon yake komawa gida.

Yana da shekara hamsin da huɗu gwiwarsa ta dama ta ce ta gaji, har tsani ya gagare shi hawa. Likitar ƙashi ta sa masa ranar tiyata, amma da sharaɗin ya rage ƙiba.

"Kilo goma cikin mako goma sha biyu," in ji ta. "In ba ka sauke ba, ba zan taɓa ka ba. Zan ba wani gurbinka, kai kuma sai baɗi."

Roel ya san ma'anar baɗi. Mai rufin da ya shekara a ƙasa, kafin ya sake hawa masu kiransa sun sami wani.

Matarsa Hilde tana da kartar tarot, guda saba'in da takwas, kowacce da zanenta. Ita ba duba take yi da su ba. Da safe takan zari ɗaya, ta kalli zanen, ta yi wa kanta tambaya a kan yinin da ke gabanta. Ta ajiye masa kwalin kusa da kofinsa.

"Kai za ka cuɗa, kai za ka zara. Ka kalla, ka tambayi kanka inda za ka iya faɗuwa yau. Shi ke nan."

"Takarda ce za ta hana ni cin soyayyen dankali?"

"A'a, tsohona. Minti biyar na zama shiru ne zai hana ka. Takardar dai ta zaunar da kai ce."

Ya yi dariya, amma ya gwada. Ranar farko ya zaro mace riƙe da bakin zaki, ba sanda ba igiya. Ya daɗe yana kallonta. Da rana ya wuce ta gaban shagon dankali, ƙamshin mai ya dake shi, ya ce wa cikinsa, "Rufe baki, zaki," ya ƙara gaba. Cikin mako uku kilo huɗu suka tafi.

A mako na huɗu ne wata karta mai suna Kamewa, wadda ke da mala'ika yana zuba ruwa daga kofi zuwa kofi, ta fito masa har sau uku. Ranar Talata ya ba da labarin a wurin karta.

"Sau uku cikin saba'in da takwas?" Staf ya kwashe da dariya. "Haba Roel, kai da ka taɓa kama wani da karta a hannun riga! Uwargida na shirya maka su kana shan ruwan ɗumi."

"Da hannuna nake cuɗawa."

"To wa ke gida da kwalin in ka fita? Kyanwa?"

Staf wasa yake, har ya manta kafin a raba zagaye na gaba. Roel kuwa maganar ta zauna masa. Ya fara sa wa Hilde ido, kuma mai nema ba ya rasawa. Ya ga kwanakin nan ba ta da sukuni. Abu kaɗan sai ta hasala, tana gama cin abinci sai ta miƙe ta fita lambu ta yi ta kai da kawo. Ya ce a ransa, mai gaskiya ba ya haka. Ya ɗora zare a bakin kwalin, ya dawo ya tarar zaren ya faɗi. Bai ko tuna cewa ita ma kullum tana zarar tata ba.

Wata Asabar da ta tafi kasuwa, ya baza kartar a tebur ya ƙirga. Saba'in da bakwai. Ya sake, saba'in da bakwai. Ya ɗauko ƙaramin littafin da ke cikin kwalin ya bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ya ga wadda babu: Iblis, mai ƙaho, da mutum biyu ɗaure da sarƙa a gabansa.

"Na kama ki," ya faɗa shi kaɗai. "Kin cire mai jaraba, kin bar mini masu wa'azi."

Da ya tambaye ta a ranar, da magana ta ƙare. Amma ɗan karta ba ya nuna ya gano maguɗi, ramawa yake yi. Ya mayar da kwalin yadda yake. Da safe ya zara, ya gyaɗa kai kamar mai tunani, ya sha miyar ganyensa. Da rana ya zame zuwa shagon dankali.

"Babba ko ƙarami?" mai shagon ya tambaya.

"Babba. Da nama, ka kuma zuba mayonis kamar na gidanku ne."

Yana ci yana jin ya ci wasa. Kashegari ya koma, jibi ma haka. Da Hilde ta ce ya hau sikeli, ya ce batirinsa ya mutu, alhali batirin na aljihunsa.

"Roel, anya? Wandon nan ya sake kama ka."

"Ke kika wanke shi da ruwan zafi."

Ta dube shi, ta juya ta fita lambu.

Ranar awo ta zo. Sikelin asibiti ba ya jin lallashi: kilo huɗun sun dawo, har da ɗaya na rakiya. Likita ta rufe takardunsa, ta ce ta yi baƙin ciki, a sake ganinsa bayan shekara. Suka fito, yana ɗingishi, suka shiga mota. Hilde ta juyo ta dube shi.

"Kar ki yi mini wannan fuskar," ya ce. "Ke kika fara ha'inci. Saba'in da bakwai ne, na ƙirga! Ina Iblis?"

Ta buɗe jakarta ta ciro kwalin sigari ta jefa masa a cinya. Ya buɗe. Babu kara ko ɗaya a ciki, sai kartar mai ƙaho a lanƙwashe.

"Ranar da ka fara, ita na zara wa kaina," ta ce. "Na ga sarƙar wuyansu sakwa-sakwa ce, in sun so za su zare. Na ce ba zan sa ka bar abinci ni kuma ina busa maka hayaƙi ba. Shekara ashirin da shida ina sha, Roel. Yau mako goma sha biyu ban kunna ba. Duk sanda hannuna ya kai jaka, ita nake tararwa."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Na so ka gani da kanka. Kullum ina cewa yau zai lura gidan ya daina wari." Ta tayar da mota. "Ashe kana can kana ƙirga takardu."

Kafin bazara ta zagayo, masu kiransa sun koma wa wani mai rufi. Roel ya sayar da tsanukansa da motar aikinsa. Ranar da aka zo ɗauka, Hilde ce ta miƙa makullin, shi yana zaune a taga da gwiwa a kan matashi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, karta ba ta sauke ƙiba, ba ta kuma ɗora ta, niyyar mutum ce ke yi. Wanda ransa ke son komawa ga abin da ya bari, laifin wani yake nema ya fake da shi, kuma zargi shi ne ƙofa mafi sauƙin buɗewa. In ka ga abin da ya ɗaure maka kai a wurin na kusa da kai, tambaye shi tun da wuri, kada ka yanke hukunci a zuci ka rama a ɓoye, domin ramuwar a jikinka za ta sauka. Kafin ka binciki hannun wani, fara duba abin da naka ke kai wa baki.