Randar Kakar Tabawa

An yi wata maginiyar tukwane, Tabawa, da ta kai randar da kakarta ta gina gidan tarihi kyauta. Abu ɗaya ta roƙa, a rubuta sunanta, ita Tabawa, a gindin randar. Shugaban amintattun gidan kuwa, Alhaji Na'iya, ko a ƙofar bayan gida so yake ya ga sunansa.

Ya ce, "Iya, dokarmu ita ce wanda ya gina abu shi ke faɗin sunan da za a rubuta. Je ki tambayo kakarki. In ba ta amsa ba, nawa za a sa."

Kakar nan ta rasu tun Tabawa na goye.

Washegari Tabawa ta dawo, amintattu duk suna zaune. Ta ce, "Ranka ya daɗe, na je. Ta ce a rubuta Tabawa."

"Haba Iya, ji tsoron Allah! Matacce yana magana?"

"In ba ya magana, wurin wa ka aike ni? In yana yi, ka ji abin da ta ce."

"To, wa ya shaida?"

"Babu. Amma ta ce in kana shakka ka je da kanka. Akwai fili kusa da ita."

Alhaji ya dubi magatakarda ya ce, "Rubuta Tabawa. Da manyan baƙi."